Namiji, Mace da Makewayin Jama'a: Abin da Ilimin Halittu Ya Gano

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an yi ta ja-in-ja a Amurka da Turai a kan wata tambaya: wane makewayi ya kamata mutum ya shiga a makaranta ko ma'aikata, idan rabon "maza" da "mata" bai yi daidai da shi ba? Wannan darasi zai bayyana yadda jinsi ke samuwa a jikin ɗan Adam, sa'an nan ya nuna inda ilimin halittu ya tsaya, da inda hukuncin al'umma ya fara.

Yadda jinsi ke samuwa

Kamar yadda ɗalibai suka sani, ƙwayar halittar jikin mutum tana ɗauke da wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom. Biyu daga ciki su ne na jinsi: mace tana da XX, namiji kuma XY. A makonnin farko na ciki, ba a iya bambanta ɗan tayi namiji da mace. Sai a wajen mako na bakwai wata ƙwayar gado da ke kan Y, mai suna SRY, take sa a fara gina maraina. Masana a Landan ne suka gano ta a 1990. Maraina su ke fitar da sinadarin testostiron, shi kuma ya siffata gaban namiji. In babu SRY, sai jiki ya bi hanyar mace.

Ke nan matakai uku ne: kuromosom, sinadari, da kuma yadda jiki ya karɓi sinadarin. Ga mafi yawan mutane, ukun nan suna tafiya tare.

Idan mataki ɗaya ya saɓa

Wani lokaci akan sami mai XY wanda jikinsa ba ya jin testostiron ko kaɗan. Sai a haifi jaririya da cikakkiyar siffar mace, ta tashi a mace, ba za a farga ba sai ta balaga ba ta ga al'ada ba. Haka ya faru ga 'yar tseren ƙasar Sifen, María José Martínez-Patiño. Gwajin kuromosom ya sa aka dakatar da ita a 1985, sai a 1988 aka mayar mata da haƙƙinta na shiga gasar mata.

A 1974 kuma, likita Julianne Imperato-McGinley ta ba da rahoton wasu yara a Jamhuriyar Dominika waɗanda ake haifa da kamannin mata, amma da sun balaga sai murya ta buɗe, siffar namiji ta bayyana. Dalili shi ne rashin wani sinadari da ke ƙarfafa aikin testostiron tun a ciki.

Irin waɗannan su ne Hausawa ke kira mata-maza. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da sanin su, har sun yi bayanin rabonsu na gado. Halitta ce, ba su suka zaɓar wa kansu ba, don haka babu dalilin yi musu ba'a.

Jinsin jiki da jinsin da mutum ke ji

Akwai wani rukuni na dabam wanda bai kamata ɗalibi ya haɗa da na farko ba. Su ne waɗanda jikinsu ya cika na namiji ko na mace, amma a ransu suna jin su ɗaya jinsin ne, kuma wannan ji ya zauna musu shekara da shekaru. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da wannan yanayi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shi daga jerin cututtukan taɓin hankali.

Rigimar makewayi

A watan Maris na 2016, jihar Karolina ta Arewa a Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa kowa shiga makewayin jinsin da ke rubuce a takardar haihuwarsa, a gine-ginen gwamnati. Kamfanoni da ƙungiyoyin wasanni suka ƙaurace wa jihar, aka soke wannan sashe a 2017. A shekarar ce kuma wata doka ta fara aiki a jihar Kalifoniya, wadda ta buɗe duk makewayi mai ɗaukar mutum ɗaya ga kowane jinsi.

Amma fa ba a taru an zama ɗaya ba. Mata da yawa sun nuna damuwa game da sirrinsu da tsaronsu. Jihar Filorida ta yi dokar raba makewayi bisa jinsin haihuwa a 2023. A watan Afrilu na 2025, Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa kalmar "mace" a dokar daidaito ta 2010 tana nufin jinsin halitta.

A nan likita yana da ta cewa. Riƙe fitsari na dogon lokaci yana ba ƙwayoyin cuta damar hayayyafa a mafitsara, rage shan ruwa kuma yana taimaka wa tsakuwar ƙoda. A wani bincike na 2015 da ya ƙunshi mutane fiye da 27,000 na rukuni na biyu a Amurka, kashi 59 cikin ɗari sun ce sun guji makewayin jama'a don tsoron tsangwama, kashi 32 kuma sun rage ci da sha don kada buƙata ta kama su a waje.

Kammalawa

Ilimin halittu yana iya faɗa mana yadda jinsi ke samuwa, da yadda wani lokaci yake saɓa wa abin da aka saba. Amma abin da za a rubuta a ƙofar makewayi hukunci ne na al'umma, bisa addininta da al'adarta da dokokinta. Abin da ba ya canzawa shi ne kowane jiki yana buƙatar kewayawa. Shi ya sa wurare da dama suka bar na maza da na mata yadda suke, suka ƙara ɗaki mai ɗaukar mutum ɗaya, mai ƙofa da sakata. Wannan yana amfanar naƙasasshe, da uba mai rakiyar ƙaramar 'yarsa, da duk mai larurar da ba ya son a sani.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin SRY a jikin ɗan tayi?
2. Ta yaya mai XY zai iya tashi da siffar mace?
3. Bambanta mata-maza da rukuni na biyu da aka ambata.
4. Kawo illoli biyu na riƙe fitsari da rage shan ruwa.