DARASI: YADDA LIKITAN BISASHE YAKE KOYON AIKINSA

Kowa ya san likitan bisashe lokacin allurar rigakafi. Darasinmu na yau zai nuna mana inda ya koyi aikinsa, da wanda ya koya masa, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu.

INA AKE KOYO?

A Dakar, babban birnin Senegal, akwai babbar lakwal ta likitancin bisashe wadda aka buɗe a 1968. Ƙasashen Afirka da dama suka haɗu gare ta, har da Nijar. Likitocinmu da yawa can suka yi karatu. A Najeriya kuma, jami'ar Zariya da ta Sakkwato kowace tana da asibitin bisashe inda ɗalibai suke koyo. Karatun yana ɗaukar wajen shekara 6.

WA YAKE KOYARWA?

Da farko ɗalibi yana karanta sassan jikin bisa da cututtuka da magunguna. Amma littafi ba ya harbi, ba ya tunkuyi. Saniya kuwa ba ta faɗin inda ke mata ciwo. Don haka a shekarun ƙarshe ake kai ɗalibi asibiti, a haɗa shi da likitocin da suka daɗe suna aiki da hannunsu. Ana kuma tura shi mahauta da ƙauyuka, ya bi likita cikin garke. Da tsohuwar zuma ake magani.

ME AKE NUNA MASA?

1. Tambaya. Yaushe ciwon ya fara? Bisa nawa suka kamu? Ina suka yi kiwo, ina suka sha ruwa?

2. Kallo daga nesa. Bisa ta ware daga garke? Tana tuƙa ko ta daina?

3. Awon zafin jiki ta dubura. Na saniya mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39. Na akuya da tunkiya yana ɗan ɗara haka.

4. Duban cikin fatar ido. In ta yi fari, jini ya ragu. Sau da yawa tsutsar ciki ce ta kawo haka.

5. Jan fata. In an saki ba ta koma da sauri ba, ruwan jiki ya ragu.

6. Sauraren tumbi ta gefen hagu. Tumbi mai lafiya yana motsi sau 1 ko 2 cikin minti guda.

Ɗalibi ya fara dubawa, ya faɗi abin da ya gani. Babban likita ya sake dubawa, ya gyara masa. Ba a ba da magani sai babba ya yarda.

INA RUWANMU?

Ruwanmu babba ne. Dattawa suna tune da bushiya, cutar da ke share garke ƙaf. A 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Allura da sa ido na likitoci da makiyaya ne suka kai ga haka. Amma ciwon huhu na shanu, da ciwon saifa, da harbin daji suna nan. Likitan da bai goge ba yana iya ɗaukar wannan cuta a matsayin waccan, ka yi asarar kuɗi, ka yi asarar bisa.

Saboda haka, in likita ya zo maka da ɗalibi:

Kada ka hana shi taɓa bisarka. Babba yana tsaye kansa.

Ka faɗi gaskiya. In ka riga ka ba da maganin kasuwa ko na gargajiya, kada ka ɓoye.

Ka nuna masa abin da ka sani. Kai ka san ciyawar da ke kumbura ciki, ka san halin kowace saniyarka.

Yaron da ka bari ya koya yau, shi zai ceci garkenka gobe.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Don me ake haɗa ɗalibi da tsohon likita?

2. Me farin fatar ido yake nunawa?

3. Wa kuke kira a garinku in bisa ta kwanta?

Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya, mu da bisashenmu.