Yadda ake shirya ƙungiyar ƙwallo a toshe kunne daga surutun gari

Da zarar an fitar da jadawalin gasa, aka ce 'yan Getso za su kara da wata ƙungiya daga Gwarzo ko Kabo, sai teburin mai shayi ya ɗauki zafi. Wani ya ce sun sayi alƙalin wasa, wani ya rantse an binne laya a bakin raga, wani kuma ya ce golan Getso ya karɓi kuɗi. Koci ba shi da ikon rufe bakin gari, amma kwanakin da suka rage kafin wasa a hannunsa suke. Ga yadda zai yi da su.

Fara da tsayar da lokacin atisaye. Idan bayan la'asar za a buga wasan, a riƙa fitowa bayan la'asar, don jiki ya saba da zafin lokacin, gola kuma ya saba da rana tana dukan idonsa. Yawancin yaranka suna da gona ko kasuwa, don haka ku yi yarjejeniya tun da wuri. Wanda ya fashe sau biyu ba uzuri, benci zai zauna, ko da shi ne mai ci muku ƙwallo.

Sai ka tura mutum ɗaya mai natsuwa ya kallo wasan abokan karawarku. Abin da kake so ya dawo da shi kaɗan ne: wane ɗan baya ne ba ya iya juyawa da sauri, wa ke buga musu kwana kuma da wace ƙafa, sannan filin yashi ne mai riƙe ƙwallo ko tsandauri ne da take tsalle.

Inda na fi so ka daɗe shi ne bugun kwana da fenariti. A wasannin karkara nan ake yawan cin mutane, domin kowa ƙwallo yake kallo, ya manta da wanda aka ba shi ya riƙe. Ka kira kowane ɗan baya da sunansa, ka nuna masa mutuminsa, ka sa ɗaya ya tsaya jikin ƙarfen raga. A maimaita har ya zama ba sai ka yi magana ba. Masu bugun fenariti biyar kuwa a zaɓe su tun a atisaye, su buga a ƙarshe lokacin da ƙafa ta yi nauyi, don a haka za su buga ranar wasa.

Kwana biyu kafin wasa, kafa doka: babu mai mayar da martani a Facebook ko WhatsApp. Wanda ya ji wata magana kan abokin wasansa ya kawo maka, ka haɗa su ido da ido a kashe ta nan take. Don kada surutun gari ya karya musu gwiwa, ka tuna musu 2009, lokacin da Kano Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka. Kaɗan ne suka ba ta dama, amma ta yi 2-2 a Alƙahira ta fitar da su, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe.

Magoya bayanku ma ka yi musu magana, ta bakin dattawan unguwa in ya yiwu. A kakar 2022 an cire wa Pillars ɗin nan maki saboda rikicin 'yan kallo, kuma a kakar ta faɗa rukuni na biyu.

Ranar wasa a ci abinci mara nauyi kamar awa uku kafin a take leda, a tanadi ruwa isasshe, a ɗumama jiki minti 15 zuwa 20. Kyaftin kaɗai ke magana da alƙalin wasa. A hutun rabin lokaci ka janye yaranka nesa da 'yan kallo, ka bari su sha ruwa numfashi ya dawo, sannan ka faɗi gyara biyu kawai: ɗaya na baya, ɗaya na gaba.