Yadda Ake Tafiya da Zomaye a Mota Zuwa Gidan da Ke da Kare

Hutun makaranta ya zo, iyali za su tashi daga Kano zuwa Kaduna su yi mako biyu a wurin 'yan uwa. Ga zomayen yara a keji, babu wanda za a bar wa su, gidan da za a sauka kuma akwai karen gadi. Abin da aka saba gani shi ne a jefa su cikin kwali, a huda ramuka biyu, a tura a but, a kama hanya. Tunda zomo bai cika ihu ba, sai a ɗauka lafiyarsa ƙalau. Shirun nan halittarsa ce, domin dabbar da ake farauta takan ɓoye wahalarta. Abu uku ne suka fi kashe zomo a irin wannan tafiya: zafi, firgita, da daina cin abinci. Kare na iya jawo biyu daga ciki ba tare da haƙorinsa ya taɓa zomon ba.

Tafiyar ta zama dole?

Idan kwana biyu ko uku za ku yi, nemi maƙwabcin da zai riƙa zuba musu abinci da ruwa safe da yamma, ka bar su a gida. Zomanya mai ciki, wadda kwana 31 ne galibi tsawon cikinta, da mai shayarwa, da wanda ba shi da lafiya, ba a tafiya da su. Sauran bayanin na wanda ya duba ya ga babu makawa ne.

Kira mai masaukinka tun kafin ranar

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi ne ake jin kunyar yi. Kira tun saura kwanaki, ka faɗi buƙatarka a fili: "Kawu, ina neman wata alfarma. Za mu zo da zomayen yara. Ko akwai ɗakin da za ku ba mu wanda karen ba ya shiga, mai ƙofa da sakata? Kuma don Allah a ɗaure shi kafin mu iso."

Amsar da za ka ji kusan ɗaya ce a ko'ina: "Haba, ai karen nan ba ya cizo, da yara ma yake wasa." Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa game da mutane. Sai dai kare mai lafiya da yara shi ne dai zai zabura in ƙaramar dabba ta ruga a gabansa, don bin abin da ya gudu a jininsa yake. Ba a banza Bahaushe ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana ba, da karnuka mafarauta ke kama zomon daji tun kaka da kakanni. Kada ka tsaya gardama a kan halin karen. Ce masa matsalar ta zomon ce, tsoro kaɗai na iya kwantar da shi.

Ka kuma tambayi lokacin da ake kwance karen. A gidaje da yawa yana ɗaure da rana, sai dare ya yi a sake shi ya zaga gida. Ke nan lokacin da kowa ke barci shi ne lokacin haɗari.

Kejin tafiya

Wanda ya fi dacewa shi ne akwatin roba mai tauri da ake ɗaukar kyanwa a ciki, mai ramukan iska ta kowane gefe da ƙofa mai kullewa. In babu, kwandon roba mai murfi zai yi, muddin an ɗaure murfin da kyau. Kwali ba ya yi: fitsari zai jiƙa gindinsa, zomo kuma zai gaigaye shi ya fita kafin ku kai Zariya.

Girmansa ya zama zomo zai iya juyawa ya kwanta ya miƙe, amma kada ya yi faɗin da zai riƙa zamewa duk lokacin da aka taka birki. Shimfiɗa tsohon tawul a ƙasa, ka zuba busasshiyar ciyawa ko harawa mai yawa a kai. Tafin ƙafar zomo gashi ne, ba ya kama roba mai santsi, kuma ƙashin bayansa ba shi da ƙwari. In ya zame ya yi harbi da ƙarfi cikin firgita, yana iya karya bayansa da kansa.

Zomaye biyun da suka shaƙu suke kwana tare, a sa su keji ɗaya, don kusancin yana kwantar musu da hankali. Manyan maza biyu kuwa a raba su, haka ma waɗanda ba su san juna ba.

Saura kwana uku ko huɗu, ajiye kejin a buɗe inda suke zama, ka riƙa sa musu ɗan ganye a ciki har su saba shiga da kansu. Ranar tafiya in za ka ɗauki zomo, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi ƙugu, ka manna shi a jikinka. Ɗaukar zomo ta kunne, duk da an saba, azaba ce gare shi.

Guzuri

Kada ka hana zomo abinci don gudun amai. Zomo ba ya iya amai, kuma hanjinsa na buƙatar abinci ya riƙa wucewa a kai a kai, in ya tsaya, tayar da shi aiki ne. Ɗebi abincin da ya saba da shi a gida wanda zai isa duk kwanakin: harawar wake ko ta gyaɗa, dusarsa ko abincin kanti, a yadda kake ba shi. Canza abinci kwatsam na kawo zawo, balle an haɗa da gajiyar hanya. Kada ka tsinko ciyawar bakin titi, ba ka san ko an yi mata feshi ba.

Kwanon ruwa a cikin keji zubewa zai yi ya jiƙa shimfiɗa. Maimakonsa, wanke ganyen da ya saba ci, kamar na dankalin Hausa ko na karas, ka sa masa da laimarsa. Ruwan sha sai an tsaya.

A kan hanya

Zomo ya fi jin daɗin yanayin da bai wuce digiri 21 ba a ma'aunin Salshiyas, kuma da zarar an kai 30 ya shiga haɗari. Ba ya gumi kamar mutum, ta jijiyoyin kunnensa yake fitar da zafi. A watannin Maris zuwa Mayu kuwa zafi kan kai digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Don haka a tashi da an idar da sallar Asuba, a ci rabin hanya kafin rana ta ɗaga.

But ba wurin zomo ba ne: babu iska, ga zafi, ga hayaƙin salansa. Ajiye kejin a ƙasa tsakanin kujerar gaba da ta baya, ka tokare shi kada ya motsa, ko ka ɗora shi a kujerar baya ka zagaya shi da bel. In a ƙasa yake, riƙa taɓa wurin da hannu, don wasu motocin ƙasansu na ɗaukar zafi. Tun daren jiya ka sa robar ruwa a firiza ta daskare, ka naɗe ta da tsumma ka jingina a cikin kejin, zomo zai kwanta a jikinta in ya ji zafi. In motar na da na'urar sanyaya iska, kunna ta, amma kada ta riƙa hura shi kai tsaye. In babu, sassauta gilashi, ka rataya zane a tagar da rana ke shigowa. Yafa ɗan mayafi mara nauyi a saman kejin don duhu na kwantar masa da hankali, amma ka bar gefuna a buɗe.

A rage sautin rediyo, a shiga kwana da gargada a hankali. Duk bayan awa biyu a tsaya a inuwa, a kashe mota in da iska, a ba shi ruwa da ganye, a ba shi kamar minti 15. Yawancin zomaye ba sa ci mota na tafiya, sai ta tsaya. Kada a buɗe keji ƙofar mota na buɗe, zomon da ya tsere a bakin titi ba ya kamuwa. In za a tsaya sallah ko cin abinci, wani ya zauna da su. Mota a rufe cikin rana takan zama tanda cikin 'yan mintoci.

Idan ka ga yana numfashi da sauri sosai, kunnuwansa sun yi zafi sun yi ja, hancinsa da bakinsa sun jiƙe, ya baje ba ƙarfi, zafi ya kama shi. Shafa masa ruwa mai ɗan sanyi a kunnuwa, ka yi masa fifita a inuwa. Kada ka tsoma shi a ruwa, kada ka zuba masa na ƙanƙara. Zomon da ya buɗe baki yana numfashi ya kai gargara, a nemi likitan dabbobi mafi kusa.

Isowa

Kafin ku shiga layin, sake kira ka tabbatar an ɗaure karen. Bar zomayen a mota tare da mutum ɗaya, ka shiga ka duba ɗakin da idonka. Babu maganin ɓera a lungu? Ba a yi feshin maganin sauro yanzu ba? Babu wayar lantarki a inda za su kai baki? Ba kusa da janareta yake ba? Sannan ka ɗauko kejin a rufe da mayafi, ka wuce kai tsaye, ba tsayawa gaisuwa da shi a hannu.

Ƙa'idar zaman ita ce shinge biyu tsakaninsu da kare a kowane lokaci: ƙofar ɗaki a sakace, su kuma suna cikin keji ko wani killataccen wuri a cikin ɗakin. In yaro ya manta ƙofa a buɗe, saura ɗaya. Kejin waya a tsakar gida ba kariya ba ne. Kare na iya kifar da shi, yana iya cizon yatsun zomo ta ramukan waya, kuma ko bai yi ko ɗaya ba, tsayuwarsa a kai yana haushi ta isa ta sa zomon ya yi ta dukan jikin keji har ya ji ciwo. Sa musu ƙaramin kwali mai ƙofa biyu da za su ɓuya a ciki.

Wani zai ce a kawo karen ya shinshina su don su saba. Ban yarda da wannan ba a ziyarar mako ɗaya ko biyu. Sabo irin wannan na ɗaukar lokaci mai tsawo, ba kowane kare ne yake yi ba, kuma kuskure ɗaya ya isa. Tara yaran gidan da mai gadi ka gaya musu da bakinka: ba a fito da zomo tsakar gida, ba a shiga ɗakin da kare a biye. Wanda ya taɓa karen ya wanke hannu kafin ya taɓa su.

Daren farko da washegari, kashinsu za ka duba. Ƙwayoyi masu yawa, zagayayyu, busassu, alamar ciki na aiki ke nan. Idan suka ƙanƙance ko suka ɗauke, zomon ya takure a lungu ya ƙi ko da ganyen da ya fi so, kuma aka kai awa 12 a haka, kada a jira gobe, a kai shi wurin likita. Shi ya sa ya kamata ka san inda asibitin dabbobi yake a garin tun kafin ka taso.

Kada ka ari maganin karen gidan. Maganin ƙuma da kaska mai sinadarin fipronil, irin su Frontline, yana kashe zomo, haka ma ba shi amoksisilin ta baki. In kuwa tsautsayi ya sa karen ya cafke shi ko da na ɗan lokaci ne, naɗe shi a tawul, ka sa shi a keji cikin duhu, ka kai shi asibiti ko ba ka ga jini ba. Girgizawar kare na yin ɓarna a ciki, kuma ƙaramin hujin haƙori da gashi ya rufe kan zama ƙurji mai wuyar warkewa bayan 'yan kwanaki.