Mutuncin Ɗan Kasuwa da Dokokin Intanet: Faɗakarwa ga 'Yan Bodija

Cinikin hatsi a Kasuwar Bodija ta Ibadan, inda Hausawan unguwar Sabo da dama ke neman abincinsu, ya ginu ne a kan amana, domin sau da yawa akan ɗoro wa mutum buhunan wake ko masara daga Arewa ya sayar, sannan ya aika da kuɗi daga baya. Saboda haka duk abin da ya taɓa sunan ɗan kasuwa ya taɓa jarinsa, kuma wannan ne ya sa cin zarafi ta intanet, wato amfani da waya ko kafafen sada zumunta wajen zagi ko barazana ko ɓata suna, ya zama babbar matsala ga masu wannan sana'a.

Daga ƙorafe-ƙorafen da ke zuwa gaban mai wannan rubutu a aikinsa na lauya, mafi ciwo shi ne na manhajojin bashi, waɗanda ke ba da rance ta waya bayan sun kwashe lambobin da ke cikinta. Idan mutum ya yi jinkirin biya, sai a aika hotonsa ga dillalinsa da surukansa da ubangidan da ke turo masa kaya, tare da rubutun cewa ɓarawo ne, kafin gari ya waye an daina ba shi kaya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma doka ba ta ba mai bin bashi damar tozarta wanda yake bi ba.

Tun a 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta ci wani kamfanin rance tarar naira miliyan 10 kan irin wannan aika-aika, a 2022 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta wajabta wa kamfanonin rancen waya yin rajista da ita. Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023 ta hana sarrafa bayanan mutum ba bisa ƙa'ida ba, yayin da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi hukunci kan saƙon barazana ga rai.

Sai dai doka ba ta aiki sai da hujja, alhali mafi yawan waɗanda abin ya shafa kunya kan sa su goge saƙon nan take. Abin da ya dace shi ne a ɗauki hoton saƙon da lambar da ta turo shi da ranar da ya shigo, a kai ƙara ga FCCPC ko 'yan sanda. Shugabannin kasuwa da limaman Sabo kuma su riƙa tunatar da jama'a cewa wanda ya tura irin wannan saƙo gaba ya sa hannu a zaluncin, don haka duk wanda ya samu ya tsayar da shi a wayarsa.