Lambun Gida Sadaka Ne

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani cewa shuka ibada ce idan niyya ta gyaru. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim, daga Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ne gare shi. To, mene ne dalilin zaman banza a bakin titi, alhali ga fili a bayan ɗakinka?

Na farko, haƙa rami ka tara kashin awaki da busasshen ganye da toka, kana yayyafa ruwa. Bayan kamar wata 3 ya zama taki.

Na biyu, shuka zogale a jikin danga, sannan kuɓewa da rama da kabewa. Tare ruwan alwalarka ka ba su. Rufe gindinsu da ciyawa don kada ƙasa ta bushe.

Na uku, kada ka yi gaggawar fesa guba. Ita ba ta raba tsutsa da ƙudan zuma, kuma shi ne ke sa furen kabewa ya ƙulla ɗa. Daka 'ya'yan darbejiya, jiƙa su kwana, tace, ka fesa da yamma. Ƙyale kwaɗo da ƙadangare, ƙwari suke ci maka.

Na huɗu, in bazara ta yi, ajiye kaskon ruwa a inuwa domin tsuntsaye, kana sauya ruwan kullum saboda sauro. Hana ƙannenka harbinsu da danko don wasa.

Kada ka jira damina, fara da ramin yau. Allah ya karɓa mana, amin.