Ƙiyasin Hatsarin Mota Tun Hanya Tana Bisa Takarda

Sa'ad da Gwamnati ta yi niyyar fid da sabuwar hanya, ko gyara tsohuwa, masu safiyo su kan zo su auna ƙasa, injiniya ya zana taswira, sa'an nan a ƙiyasta kuɗin aiki: na kwalta kaza, na gada kaza, na diyyar gonaki kaza. Duk hakimin da hanya ta taɓa ratsa ƙasarsa ya san wannan. To, akwai wani ƙiyasi kuma wanda a da ba a iya yi, amma yanzu masana sun gano hanyarsa, watau yawan hatsarin da za a riƙa yi a bisa hanyar ko wace shekara in an gina ta yadda aka zana. Bayaninsa ne ke cikin wannan takarda, domin hakimai da magatakardansu su san abin da za su tambaya in an kawo musu taswira, su kuma gane amfanin rubuta labarin hatsari.

Kada wani ya zaci duba ne ko shiga gaibu. Sanin ranar ajalin mutum sai Allah, kuma ba masanin da ya ce zai faɗi motar da za ta kife ko ranar da za ta kife. Jimla a ke faɗa. Manomi bai san wace zangarniya za ta yi ido ba, amma in ya dubi girman gona da irin ƙasarta da takin da aka zuba, ya kan ce za ta ba da dami arba'in, ya kuwa kusa dacewa. Irin wannan ƙiyasi ne. Abin kuwa ba na wasa ba ne, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 1,190,000 suka rasu a hatsarin hanya cikin shekarar 2021, kuma in an gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi ko'ina asara, ko da ya ke motocinta ba su da yawa.

Inda aka faro

Cikin waɗanda suka fara wannan bincike akwai wani masanin lissafi a Ingila, R. J. Smeed. A shekarar 1949 ya tara ƙididdigar ƙasashe 20, ya nuna cewa in an san yawan jama'ar ƙasa da yawan motocinta, a kan iya kusantar yawan waɗanda za su rasu a hanya cikin shekara. Daga baya an yi ta gardama a kan lissafinsa, kuma ba ya taimakon injiniya wajen zana kwana ko gada, tun da ya ke maganar ƙasa ɗungum ya ke yi. Amma dai ya tabbatar da cewa hatsari, in an tara shi da yawa, yana da ƙa'idar da ya ke bi.

Amirkawa ne suka mai da abin littafin aiki. A shekarar 2010 ƙungiyar ma'aikatun hanyoyi ta jihohinsu, wadda a ke kira AASHTO, ta buga littafi mai suna Highway Safety Manual, bayan an yi shekaru ana tara labarin hatsari daga hanyoyi masu ɗimbin yawa, ana gwada shi da faɗin ko wace hanya, da kwanoninta, da yawan motocin da ke bin ta.

Yadda a ke lissafin

Da fari a kan ɗauki wata hanya abin gwaji. A littafin nan, ga hanyar karkara mai hannu biyu, ɗaya na masu zuwa ɗaya na masu dawowa, abin gwajin ita ce miƙaƙƙiya, shimfiɗaɗɗiya, ko wane hannu faɗinsa ƙafa 12, kuma a ko wane gefe akwai sarari mai kwalta na ƙafa 6 inda mota za ta iya ratsewa. Bincikensu ya nuna cewa a irin wannan hanya a kan yi hatsari 73 ga ko wane mil miliyan 100 da motoci suka yi a kanta.

Ga misali. A ce hanya ce mai tsawon mil 10, mota 4,000 ke bin ta a rana. In an ninka 4,000 da 10, aka kuma ninka da kwana 365, za a ga motoci sun yi mil 14,600,000 a kanta cikin shekara. Bisa ga ƙa'idar nan, hatsari wajen 11 ke nan a shekara.

Amma ba ko wace hanya ce ta yi daidai da abin gwaji ba, saboda haka sai a bi sifofinta ɗaya ɗaya ana ƙari ko ragi. A ce don tsimin kuɗi an rage faɗin ko wane hannu ya koma ƙafa 10. Littafin ya ce, a hanya mai wannan yawan motoci, hatsarin kaucewa daga kwalta da na karo gaba da gaba da na gogar juna zai ƙaru da kashi 30 cikin 100. Irin waɗannan kuwa su ne fiye da rabin dukan hatsarin hanyar karkara, don haka 11 ɗin nan za ta koma tsakanin 12 da 13. In kuma aka hana ta sararin gefe sam, irin wannan hatsari zai sake ƙaruwa da rabi, jimla ta kai wajen 16. Watau hatsari 5 aka ƙara ko wace shekara, hanya kuwa ta kan yi shekara ashirin ba a sake zanenta ba. Kuɗin da aka tsimta yana rubuce a takardar ƙiyasi kowa na gani. Hatsari 100 ɗin nan ne a da ba wanda ke rubutawa, ko da ya ke jama'ar wurin ne za su biya.

Haka a ke yi wa sauran sifofi. Kwana mai tsanani ya fi mai sauƙi hatsari. Hawa ko gangara mai tsayi ƙwarai ta kan ƙara kashi 16 cikin 100. Yawan mashigai, watau ƙofofin gidaje da kantuna da ƙananan hanyoyin da ke buɗewa a bisa titi, shi ma yana da nasa lissafi, abin gwaji kuwa guda 5 ne a mil. Mararraba dabam a ke lissafa ta: inda hanya biyu suka gicciye juna akwai wuri 32 da mota za ta iya cin karo da wata, amma in aka yi shataletale sai su koma 8.

Ruɗin shekara guda

Wani zai ce, me ya kawo wannan wahala, ai kowa ya san inda a ke yin hatsari, sai a je a gyara can. Ga sabuwar hanya dai wannan ba ya yiwuwa, tun da ba a riga an bi ta ba. Ga tsohuwa kuwa akwai wani ruɗi da ya kamata a fahimta sosai, don ya ci kuɗin hukumomi da yawa.

A ce wata mararraba ta saba ganin hatsari 2 a shekara. Wata shekara abu ya haɗu, aka yi 6. Hankalin kowa ya tashi, aka kai kuka, aka zo aka kafa allon gargaɗi. Shekara ta kewayo, aka yi 2, sai a ce allo ya yi magani. Alhali ko ba a kafa kome ba, galibi can za ta koma, kamar yadda gonar da ta yi albarka fiye da kima bana ta kan koma yadda ta saba baɗi. Ɓarnar biyu ce: an yabi maganin da bai yi kome ba, za a kuma ci gaba da sayensa, sa'an nan an bar wani kwana can wanda ke cin mutane a hankali, shekara bayan shekara, ba tare da ya taɓa yin abin da zai ta da gari ba.

Wani shehun malami na Jami'ar Toronto a Kanada, Ezra Hauer, ya yi dogon bayani a kan wannan cikin littafinsa na shekarar 1997, kuma maganin da ya koyar shi littafin Amirkawa ya ɗauka. A kan saurari shaidu biyu, kamar yadda alƙali ke yi. Na ɗaya shi ne lissafi, wanda ke faɗin abin da wurare masu irin wannan sifa suka saba gani. Na biyu shi ne labarin wurin kansa. In labarin na shekara guda ne, ba a ba shi nauyi da yawa. In na shekaru ne masu dama, an kuma rubuta shi da kyau, sai ya rinjaya. Abin da ya fito daga tsakaninsu da shi a ke jera wurare, a san wanda zai riga samun gyara.

Gudu

Akwai ƙa'ida guda da ya kamata ko wane hakimi ya riƙe. Göran Nilsson na ƙasar Suwidin ya nuna cewa in gudun motoci ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, hatsarin da ke kisa ya kan ƙaru da wajen kashi 4. In motoci sun saba yin mil 50 a awa suka koma 55, hatsarin kisa zai ƙaru da kusan rabi. Saboda haka ranar da aka shimfiɗa sabuwar kwalta ta tsakiyar gari, ana murna an huta da ƙura da gargada, ran nan ne ya kamata a tambayi abin da aka tanada don rage gudu a bakin kasuwa da makaranta.

Ko zai yi aiki a ƙasar nan?

Alƙaluman nan a hanyoyin Amurka aka samo su, inda ba a cika ganin babur ɗauke da mutum uku ba, ko garken shanu na ƙetare titi, ko kasuwa ta ci har bisa kwalta. Littafin da kansa ya yi gargaɗi kada a ɗauke su haka nan a kai wani wuri. Ya ce a zaɓi wuri 30 zuwa 50 a ƙasar da za a yi aikin, waɗanda in an haɗa su a kan sami hatsari aƙalla 100 a shekara, a gwada abin da lissafi ya faɗa da abin da ya auku, sa'an nan a daidaita ma'aunin.

A nan ne gizo ke saƙa. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa a shekarar 1988, tana kuwa tara ƙididdiga, amma ba duk hatsari ke isa gare ta ba. A shekarar 2016 an rubuta mutuwar mutum 5,000 da 'yan kai a hanyoyin Nijeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta kusan 40,000. A ƙauye a kan yi wa mamaci sutura ran nan, babu wanda ya kai labari. Ma'aunin da aka daidaita da irin wannan ƙididdiga zai nuna hanya lafiya lau, alhali tana ci.

Don ƙasashen da labarinsu bai cika ba ne wata ƙungiya mai suna iRAP ta fito da wata dabara: a bi hanya da mota mai ɗaukar hoto, a duba sifofinta a ko wane mita 100, a ba ta tauraro ɗaya zuwa biyar, na mai mota dabam, na mai babur dabam, na mai keke da mai tafiya a ƙasa ko wanne dabam. A kan iya yin haka ga taswira ma tun ba a fara aiki ba. Ƙasashen duniya sun sa wa kansu buri cewa kafin shekarar 2030 ko wace sabuwar hanya ta sami tauraro uku ko fiye.

To, in an kawo wa hakimi taswira, ba laifi ba ne ya tambayi injiniya mota nawa a ke tsammani a rana, hatsari nawa aka ƙiyasta, kuma nawa zai zama in hanya ta kewaye gari maimakon ta ratsa shi. Ya kuma faɗa masa abin da taswira ba ta nunawa: ranar kasuwa, burtalin shanu, inda mata ke ƙetarewa zuwa rijiya. In an zo neman filin kasuwa ko tasha a bakin titi, ya tuna da lissafin mashigai.

Magatakarda kuwa ya buɗe littafi, dagatai su riƙa aiko masa da labari, ƙaramin hatsari da babba. Ya rubuta rana da lokaci, da irin motocin, da yadda abin ya auku, da waɗanda suka yi rauni da waɗanda suka rasu. Wurin ne ya fi kome muhimmanci: "a hanyar gari kaza" ba ta da amfani ga injiniya, sai an ce kusa da kwalbati kaza, ko taki kaza gabas da makaranta. Wanda aka kai asibiti ya cika daga baya, a koma a gyara a littafi, domin a ƙa'idar ƙididdiga duk wanda ya rasu cikin kwana 30 saboda raunin da ya samu, cikin waɗanda hatsarin ya kashe a ke lissafa shi.