Wayar Hannu da Ƙwaƙwalwar Ɗalibi: Me Za a Ba Ta Ajiya, Me Za a Hana Ta?

Duk wanda ya ratsa unguwar Hubbare a Sakkwato bayan an sauko daga Juma'a zai tarar da masu ziyara, wasu daga ƙauyukan kusa, wasu daga Jamhuriyar Nijar, sun nufi makwancin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817. A inuwar katanga kuwa ba a rasa samari, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. Wani yana duba lokacin la'asar a manhajar Muslim Pro, wani yana karanta saƙon 'yan ajinsu a WhatsApp game da jarrabawar Litinin, na uku kuma ya nutse cikin Ludo King, ko sallama ba ya ji. Waya iri ɗaya ce a hannunsu, amma ba sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa take taɓawa ba. Wannan maƙala za ta duba bambancin ta fuskar ilmin halittu.

Ƙaramin faifai

A ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai ma'ajiyar wucin gadi, wadda ke riƙe abin da ake aiki da shi a yanzu-yanzu, kamar lambar waya kafin a buga ta. Yawancin wannan aiki yana gudana ne a ɓangaren da ke bayan goshi. Ma'ajiyar kuwa ƙarama ce ƙwarai. A 1956 wani masani ɗan Amurka, George Miller, ya ƙiyasta cewa tana ɗaukar abubuwa kamar 7 a lokaci guda; a 2001 Nelson Cowan ya sake nazarin hujjojin, ya ce adadin ya fi kusa da 4. Wato faifai ne da ba ya ɗaukar tsaba mai yawa, in an ƙara sai wata ta zube.

A nan ne manhajojin tsara lokaci suke da amfani na haƙiƙa. Ɗalibin da ke ƙoƙarin tuna ranar rufe rajistar JAMB, da aiken da mahaifiyarsa ta yi masa zuwa kasuwa, da jingar lissafi, duk a ka, ya riga ya cika faifansa kafin malami ya fara darasi. In ya zuba waɗannan a Google Calendar ko Google Keep, ko ma ya saita ƙararrawar wayar kawai, ya sauke wa kansa kaya. Na'ura ba ta mance alƙawari, kuma babu wata basira da ke ƙaruwa don mutum ya haddace ranar biyan kuɗin NECO. Sai dai na'urar lissafi kawai ta sani. Mutanen Sakkwato shaida ne: kalandar Hijira ta cikin waya kan nuna an shiga sabon wata, amma ba a ɗaukar azumi sai sanarwa ta fito daga fadar Sarkin Musulmi, wadda ke nan kusa da Hubbaren, kuma akan sami saɓanin kwana guda.

Abin da ba a ba waya ajiya

Kuskuren da ya yawaita shi ne a ɗauki ilmi kamar alƙawari, a damƙa shi ga waya. Malami ya cika allo da bayanin yadda jini ke zagaya jiki, ɗalibi ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ya tafi da zaton ya karanta. A 2011 Betsy Sparrow da abokan aikinta sun wallafa wani gwaji a mujallar Science: an sa mutane su rubuta wasu bayanai a kwamfuta, an ce wa wasu za a adana, wasu kuma za a goge. Waɗanda suka zaci za a goge sun fi tunawa. Ƙwaƙwalwa ba ta son wahalar banza. In ta san akwai rumbu a waje, ba ta gina na ciki.

Gina na cikin kuwa aiki ne na tsoka da jini. Kafin sabon abu ya zauna, sai ya bi ta wani sashe mai lanƙwasa a can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira hipokampus, sannan mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya su ƙara ƙarfi. Ba sa ƙarfafa sai an yi ta bin su, kamar turbar da ƙafa ke fitarwa a cikin ciyawa. Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada haka a kansa. Ya haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, ya tarar fiye da rabi sun gudu cikin sa'a guda, amma duk bitar da aka yi bayan an ba da rata takan rage saurin mantuwa.

Alarammomin makarantun allo ba su karanta Ebbinghaus ba, amma sun riga shi aiki da wannan ƙa'ida. Almajiri ya rubuta, ya karanta har ya zauna, ya bayar da hadda, sannan a wanke allon. Wankewar nan ba ƙaramar hikima ba ce: rubutun ya tafi, ba sauran inda za a leƙa, dole a ciro daga ka. Bayan haka ga tilawa dare da asuba, ana komawa baya a kai a kai. Manhajar Anki, wadda ta fito a 2006, a kan wannan tsari aka gina ta. Takan nuna tambaya ta ɓoye amsa. Abin da ɗalibi ya iya sai ta jinkirta dawo da shi, wanda ya kasa kuma ta maido masa da wuri. Ga mai haddar sunayen ƙasusuwa ko alamomin sinadarai, tana daga cikin 'yan manhajojin da ke sa ƙwaƙwalwa aiki maimakon su karɓe mata.

Me ya sa wasa ba ya sakin mutum?

Wasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Dara, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, tana buƙatar hangen nesa da lissafi. Amma dara tana da ƙarshe: a cinye mutum, ko magariba ta yi, ko abokin wasa ya kaɗe riga ya tashi. Candy Crush Saga, wadda kamfanin King ya fitar a 2012, matakanta dubbai ne, kuma ana ta ƙara sababbi.

Sirrin yana ga wani sinadari mai suna dopamin, wanda wasu ƙwayoyin jijiya na tsakiyar ƙwaƙwalwa ke fitarwa. A shekarun 1990 Wolfram Schultz, yana aiki a Suwizalan, ya auna motsin waɗannan ƙwayoyi a jikin birai. In an ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, sai ƙwayoyin su zabura. In ya saba cewa wata alama ce ke gabatar ruwan, zaburar takan koma kan alamar, ruwan kansa ya daina tayar da su. In alama ta zo ruwa bai biyo ba, sai su yi lakwas. Ashe dopamin ba sinadarin jin daɗi ba ne kamar yadda ake yawan faɗa, na sa rai ne. A 2003 ɗakin bincikensa ya ƙara nuna cewa tashin da ƙwayoyin ke yi yayin jira ya fi yawa in samu da rashi sun yi kunnen doki.

Mai jefa ƙwaya a Ludo King yana jiran shida, a wannan hali yake. Haka mai jiran alewar da za ta faɗo. Masu tsara wasannin sun san da wannan. A Candy Crush ana ba ɗan wasa rai 5, in sun ƙare kowane sai bayan minti 30 yake dawowa, sannan wayar ta yi ƙara ta kira shi. Abin lura, ƙarar da ke tuna wa ɗalibi lokacin bita da wadda ke kiransa wasa duk ta ƙofa ɗaya suke shiga.

Bai kamata a zuzuta abin ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya larurar wasannin na'ura cikin kundin cututtukanta, amma da sharuɗɗa: mutum ya kasa sarrafa wasan, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, kuma a galibi ya kai wata 12 a haka. Kaɗan ne daga masu wasa suke kaiwa nan. Ɓarnar da ta fi kusa da ɗalibin sakandare ita ce ta barci.

In duhu ya yi, wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa yakan fitar da melatonin, mai sanar da jiki cewa dare ya yi. A cikin ido akwai ƙwayoyi na musamman masu jin haske mai shuɗi, kuma saƙonsu yana jinkirta fitar wannan sinadari. Wani gwaji da aka yi a Boston aka wallafa a 2015 ya nuna masu karatu a allon na'ura kafin kwanciya sun yi jinkirin barci da kamar minti 10 a kan masu karanta takarda. Minti goma ba shi ne tashin hankali ba. Sa'o'in da “bari in ƙara ɗaya” ke cinyewa su ne. Likitocin barci sun ba da shawarar sa'a 8 zuwa 10 ga matasa 'yan shekara 13 zuwa 18. Yaron da ya ajiye waya ƙarfe ɗaya na dare, aka tashe shi sallar asuba, bai sami ko biyar ba. Alhali a cikin barci mai nauyi ne hipokampus ke maimaita abin da aka koya da rana, yana miƙa shi ga ma'ajiyar dindindin. Dara ta ci gida ke nan.

Malamin ilmin halittu zai iya mayar da wannan aikin aji. Yawancin wayoyin Android suna da sashen Digital Wellbeing, iPhone kuma Screen Time, masu nuna mintocin da kowace manhaja ta ci. Ɗalibai su rubuta waɗannan alƙaluma na mako biyu, tare da lokacin kwanciya da na tashi, ba tare da sa suna ba. Waɗanda ba su da waya su ma su rubuta barcinsu, domin su ne rukunin da za a gwada sauran da shi. Daga nan sai a zana jadawali a allo, ajin ya tattauna abin da ya fito.